Isnadin Ƙa'ida: Lacca a kan Kurakuran Turanci da Masu Gyara Su

 

An nemi in yi magana a kan kurakuran nan na Turancin yau da kullum waɗanda ke ɓata wa mutane rai, irin waɗanda idan malami ya ci karo da su a takardar ɗalibi sai ya ja jan alƙalami da ƙarfi har ya kusa huda takardar, idan kuwa a bakin mai karanta labarai ya ji su, sai ya kashe rediyon yana tsaki. Na amsa wannan kira da farin ciki, domin ni ma ina da waɗanda ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan ambace su kafin in zauna. Amma da yake mu mutane ne da muka gaji wata al'ada ta ilmi wadda ba ta karɓar magana sai an san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga gare shi, har a kai ga tushe, na ga ya kamata mu yi wa ƙa'idodin Turanci irin wannan bincike, mu tambayi kowace ƙa'ida isnadinta kafin mu ɗaga bulala a kan yaro saboda ita.

Duk wanda ya zauna a zauren malami ya karanta Ajurumiya, ko ya kai ga Alfiyyar Ibnu Malik, ko ya taɓa buɗe Baharul Muhiɗi na Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ya san kalmar lahani, wato kuskure a cikin i'irabi ko lafazi, ya kuma san yadda magabata suka ƙyamace shi. An ruwaito cewa abin da ya zaburar da Abul Aswad Addu'ali ga aza harsashin nahawu shi ne wata rana 'yarsa ta so ta yi mamakin kyawun sama, sai ta sa wasalin da ya mai da maganarta tambaya, uban ya ba ta amsar tambayar, ita kuwa ba abin da take nufi ke nan ba. Ku lura da abin da ya dame shi a cikin riwayar nan: wasali ɗaya ya juya ma'ana, mai magana da mai sauraro suka rabu. Daga baya Kisa'i ya tattara lahanin gama-garin mutane a littafi, Hariri kuma, mai Maƙamat ɗin da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 1122, ya tattara na manya masu ilmi a cikin Durratul Gawwas. Ashe jin zafin kuskuren harshe tsohon abu ne, kuma halin masu ilmi ne. Sai dai malaman Basara da Kufa, a lokacin da suke gina wannan fanni, ba su zauna a ɗaki suka ƙaga dokoki daga son ransu ba. Sun fita zuwa ƙauyukan Larabawa suna sauraro suna rubutawa, suka sa abin da aka ji daga masu harshe ya zama asali, ƙiyasi kuwa ya biyo baya, har idan ƙiyasi ya saɓa wa abin da ya tabbata a ji, sai a bar ƙiyasin a bi jin.

To, Turanci bai taɓa samun wata majalisa mai yanke masa fatawa ba. Faransawa sun kafa tasu tun 1635, kuma Jonathan Swift ya rubuta takarda a 1712 yana roƙon a kafa wa Ingila irinta don a tsai da harshen a wuri guda, amma roƙon bai karɓu ba. Samuel Johnson, wanda ya fitar da babban ƙamusunsa a 1755, ya fara aikin da burin ya ɗaure harshen kada ya sake, kafin ya gama kuwa ya bayyana a muƙaddimar littafin cewa wannan buri ne da ba mai iya cim masa. Da aka rasa majalisa, sai ɗaiɗaikun mutane suka cike gurbin, limamai da marubuta da malaman makaranta, kowa ya rubuta abin da ya fi yi wa kunnensa daɗi. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishof na Landan, ya buga ɗan littafin nahawunsa a 1762. Lindley Murray ya ɗebo daga gare shi ya tsara nasa a 1795 domin 'yan makaranta, littafin ya bazu a Ingila da Amurka, aka yi ta sake buga shi shekara da shekaru. Daga wannan silsila ne ƙa'idodi da dama suka gangaro, suka biyo jirgin ruwa da malaman zamanin mulkin mallaka, suka iso azuzuwanmu, mu kuwa muka karɓe su baki ɗaya kamar nassi, ba mu rarrabe wajibi da mustahabbi ba, balle mu gane wanda ra'ayin mutum ɗaya ne kurum.

Ku ɗauki ƙa'idar da ke cewa haramun ne a rufe jimla da ɗan harafi irin "to" ko "with" ko "from". Idan aka bi isnadinta sai a tarar ta tuƙe ga John Dryden, wanda a 1672 ya soki wani marubuci da ya gabace shi, Ben Jonson, a kan haka, har daga baya ya koma wa rubutun kansa ya gyara jimlolin da ya rufe da irin waɗannan haruffa. Dryden mutum ne da Latin ya ratsa jikinsa, kuma shi da kansa ya faɗa cewa yakan juya Turancinsa zuwa Latin don ya auna shi. A Latin kuwa harafin yana gaban sunansa ne. Wannan ƙiyasi ne a kan harshen da ba nasa ba, tamkar a ce wa Bahaushe lallai ya sa fi'ili a farkon jimla don haka Larabci yake yi. Shi kansa Lowth bai haramta ba, ya ce dai salon ya dace da hira, sa harafin a gaba kuma ya fi armashi a rubutu mai nauyi. Almajiransa ne suka ƙulle abin ya zama doka. Yaron da ya tambayi baƙo "Where are you from?" ya yi Turanci sahihi, wanda kuwa ya tilasta masa ya juya jimlar ya cuce shi, don ya koya masa maganar da ba za a ji ta a bakin kowa ba a kasuwar Landan. Haka ita ma dokar da ta hana a sa kalma tsakanin "to" da fi'ilinsa, wadda Henry Alford ya yayata a littafinsa na 1864, H. W. Fowler, wanda ba a taɓa tuhumarsa da sakaci ba, ya nuna a ƙamusunsa na 1926 cewa gara a raba su da a murɗe jimla ta rasa ma'ana.

Mas'alar "less" da "fewer" ta fi wannan ban mamaki. Ana koya mana cewa na farko na abin da ake aunawa ne, kamar ruwa, na biyu kuma na abin da ake ƙirgawa, kamar awaki. Wanda aka fara samun wannan rarrabewa a wurinsa shi ne Robert Baker a 1770, kuma ya kawo ta ne a matsayin abin da shi ya fi so, alhali ana amfani da "less" ga abin ƙirge tun zamanin Sarki Alfred, ƙarni tara kafin Baker. Duk da haka ra'ayin ya yi ƙarfin da a 2008 kamfanin Tesco ya fara sauya allunan da ke kan layin biyan kuɗi na masu 'yan kaya kaɗan, saboda ƙorafin masu gyara. Ni ina ganin rarrabewar tana da kyau a rubutu, kuma ina koyar da ita. Amma mustahabbi ce, wanda ya bar ta bai yi zunubi ba.

Akwai kuma batun korewa biyu a jimla ɗaya, irin "I didn't see nobody". Hujjar da aka saba kawowa, wadda ke cikin littafin Lowth, ita ce korewa biyu suna kashe juna su zama tabbatarwa, kamar yadda ake yi a lissafi. Mu Hausawa bai kamata wannan hujja ta ruɗe mu ba, domin sau da yawa korewa tamu da "ba" biyu take tafiya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma ba a taɓa jin wanda aka ce masa "ban zo ba" ya fahimci an zo ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san can ma korewa ƙafa biyu gare ta. Chaucer, uban mawaƙan Ingila, yakan jera korewa uku har huɗu don ƙarfafawa. Gaskiyar magana ita ce masu ilmin Ingila sun riga sun fara barin wannan salo a rubutunsu kafin Lowth, ya zama alamar maganar talakawa. Saboda haka ɗalibi ya guje shi a jarrabawa da wasiƙar ofis, amma a gaya masa dalilin gaskiya, wato urfin masu rubutu ne ya bar shi, kada a jingina abin ga lissafi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai cikin dukan waɗannan shi ne labarin lamirin "you". Mu muna da kai da ke da ku, kowanne da mazauninsa, kuma idan muka ce wa dattijo ɗaya "ku" mun san girmamawa muke yi. Turanci ma da haka yake: "thou" na mutum ɗaya, "you" na jam'i, sa'an nan aka riƙa ce wa babban mutum "you" don ladabi, ladabin ya yi ta yaɗuwa har ya cinye "thou" ɗin. George Fox, wanda ya kafa ɗariƙar Kiristoci da ake kira Kwekas, ya ɗauki wannan a matsayin ɓarna ta harshe da ta addini gaba ɗaya, ya fitar da littafi sukutum a 1660, shi da abokansa, suna kafa hujja da harsuna masu yawa cewa kiran mutum ɗaya da lamirin jam'i jahilci ne da fadanci. Mabiyansa sun sha duka da wulakanci saboda sun ƙi ce wa alƙalai da masu sarauta "you". Ta fuskar ƙiyasi Fox yana da gaskiya, kuma na yarda harshen ya yi asara, tun da yau mai Turanci sai ya yi dabara kafin a gane mutum ɗaya yake nufi ko taro. Amma jama'ar masu harshe sun yi ijma'i a aikace, kuma babu wani malami a duniya yau, kome tsananinsa, da zai ja jan alƙalami a ƙarƙashin "you are" don ana magana da mutum ɗaya. Wannan ya sa nake sassauci ga mai cewa "everybody should bring their book", domin amfani da "they" ga mutum ɗaya wanda ba a ayyana ba ya tabbata a rubuce tun ƙarni na 14, dokar da ta ce sai "he" kuwa ta fito ne a nahawun Ann Fisher na 1745, majalisar dokokin Birtaniya ta ƙarfafa ta a 1850 da dokar da ta ce lamirin namiji a cikin dokoki ya haɗa da mace. Kunnenmu ya fi sabawa da "his" don mu ma "kowa ya kawo nasa" muke cewa, amma sabon kunnenmu ba hujja ba ne a kan harshen wasu.

Yanzu bari mu dawo gida. Akwai wani rukuni na maganganu da ake yi mana dariya a kansu, waɗanda idan aka duba sai a ga Hausa ce, ko Yarbanci, ko Ibo, ta sa rigar Turanci. Mutum zai tashi ya nufi ƙofa ya ce "I am coming", domin a zuciyarsa "ina zuwa" yake faɗa. Zai wuce manomi ya ce masa "well done", yana nufin sannu da aiki. Zai ga wani ya yi tuntuɓe ya ce masa "sorry", sai a ce masa ai ba kai ka ture shi ba, me ya kawo ban haƙuri? Ni a nan ina tare da mai cewa "sorry". Al'ummar da ta saba ba ta ganin mutum cikin wahala ko aiki ta wuce shi ba ta ce masa sannu ba, dole ta nemi kalmar da za ta ɗauki wannan nauyi a kowane harshe ta shiga, kuma ban ga abin kunya ba don mun lanƙwasa kalmar Bature ta yi mana aikin da shi bai tanadar wa kalma ba. Amurkawa sun yi fiye da haka: Noah Webster ya fitar da ƙamusunsa a 1828 ya sauya har rubutun kalmomi, ba wanda ke kiran wannan lahani a yau. Babban ƙamusun Okusfod, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, an gina shi ne bisa hanyar malaman Basara, wato an tara miliyoyin 'yan takardu da masu sa kai suka aiko, kowace ɗauke da jimla daga wani littafi da shekararsa, aka ciro ma'ana daga abin da mutane suka rubuta. A watan Janairun 2020 wannan ƙamus ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "okada" da "danfo" da "next tomorrow" da "Kannywood". Sharaɗi ɗaya kurum zan sa, shi ne mai magana ya san da wa yake magana. Idan ka ce wa baƙo daga Kanada "I am coming" ka juya masa baya, zai tsaya yana kallonka, hakkin baƙo kuwa shi ne a yi masa maganar da zai gane.

Bayan wannan sassauci duka, kada wani ya fita ya ce na halatta kome. Akwai lahani na haƙiƙa, irin na 'yar Abul Aswad, wanda ke raba mai magana da mai sauraro, kuma a kansa ne ya kamata malami ya kashe ƙarfinsa. Na farko shi ne amsar tambaya mai korewa. Ku ɗauka likita baƙo ya dubi majinyaci ya ce, "You didn't take the tablets?" Majinyacin bai sha ba, sai ya ce "Yes", domin a Hausa idan aka ce maka "ba ka sha ba?" kakan ce "e", kana gaskata mai tambaya. Likita ya ji "yes", ya rubuta a katinsa cewa an sha magani bai yi aiki ba, ya ƙara ƙarfinsa ko ya sauya shi da wani. A Turanci amsa tana bin abin da ya faru ne: wanda bai sha ba "No" zai ce. Ku auna irin wannan a gaban alƙali, ko a wurin jami'in shige da fice, za ku ga cewa kalma ɗaya tana iya jawo wa mutum abin da zai daɗe yana nadama. Maganinsa mai sauƙi ne, a saba wa yaro cika amsa, ya ce "No, I didn't" ko "Yes, I did", amma sau nawa muka ɓata darasi guda a kan wannan, idan aka kwatanta da darussan da muka ɓata a kan ra'ayin Dryden?

Na biyu shi ne "borrow" da "lend". Mu da kalma ɗaya muke yin duka biyun, mu ce na ari littafi, mu ce ara mini littafi, na ranci kuɗi, ranta mini kuɗi, siffar fi'ilin ce ke nuna inda abin ya nufa. Turanci ya raba su gida biyu, kuma wanda ya rubuta "I borrowed him the money" yana nufin shi ya bayar, ya bar wa magadansa takardar da za a yi jayayya a kanta. Haka "severally", wadda muke sawa a ma'anar sau da yawa. Ko da yake ƙamusun Okusfod ya rubuta wannan ma'ana tamu, a harshen lauyoyi kalmar tana nufin kowa a kan kansa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikin yarjejeniyar bashi ita ce ke nuna ana iya bin mutum ɗaya shi kaɗai. Wanda zai sa hannu a takarda ya wajaba ya san wannan. Su kuwa "informations" da "furnitures" da "advices" da "luggages", da "discuss about", da "isn't it" da ake liƙa wa kowace jimla a madadin "ko ba haka ba", ba sa ɓad da ma'ana, amma masu gyaran jarrabawar WAEC ba sa yafe su, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a, don haka a koya wa yara su bar su, a wuce wurin.

Lafazi ma yana da nasa. Harafinmu na "f" da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa yake rikiɗa mana tsakanin "p" da "f" na Turanci, har "pull" ta zama "full", "pan" ta zama "fan". An mai da wannan abin ba'a ga mutanen Arewa a wasannin kwaikwayo, alhali gyaransa aikin 'yan makonni ne ga malami mai haƙuri. Na ga wata malamar firamare tana yin sa da ƙyallen takarda da ɗan madubi: yaro ya riƙe takardar a gaban bakinsa, ya haɗa leɓɓansa ya sake su da iska, idan takardar ta yi tsalle to "p" ta fito, sa'an nan ya dubi madubi ya ɗora haƙoransa na sama a kan leɓensa na ƙasa ya hura, idan ya ga haƙoran to "f" ce. Ajin ya cika da dariya da hure-hure, ba wanda aka kunyata, kuma kafin hutu yawancinsu sun rarrabe.

Amma idan kuka tambaye ni abin da ya fi ƙona mini rai a Turancinmu, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Shi ne abin da Bahaushe ya riga ya raɗa wa suna dogon Turanci. Wata takarda ta taɓa zuwa hannuna daga wani saurayi ma'aikaci, wanda mahaifiyarsa ke kwance a asibiti yana neman izinin kwana uku ya je ya dube ta. Ya buɗe da "with utmost humility and profound sense of loyalty", ya kira kansa "my humble self", ya bi da "I hereby wish to crave your indulgence", ya jera layi bayan layi na kirari, ciwon mahaifiyar kuwa sai can ƙasa aka ambace shi cikin rabin jimla, ranar da zai tafi ma bai rubuta ta ba sam. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a takardar, kuma duk da haka ta gaza yin aikin da aka rubuta ta dominsa. Ban ga laifin yaron ba. Mu ne muka koya masa cewa nauyin kalma shi ne ilmi, muka yi ta tafa wa mai jawabin da ba mu gane ba. Malaman balaga sun ce fasahar magana ita ce dacewarta da halin da ake ciki tare da kuɓuta daga baƙin kalmomi da sarƙaƙiya, kuma wannan ma'auni yana aiki a kowane harshe. Wanda yake son misali ya nemi jawaban marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗalibin Kwalejin Katsina, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya, ya saurari wanda ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960. Zai ji kalmomi na kowa da kowa, a jere cikin natsuwa, kowace jimla ta san inda za ta. Dogon Turanci kuwa illarsa ta wuce ɓata lokaci, domin da shi ake rufe wa talaka ido a takardun hukuma, a karanta masa sanarwa ya rasa ko an ba shi ne ko an hana shi.

Saura ladabin gyara. Yawancinmu mun yi zamanin da ake cin tarar yaro ko a yi masa bulala don ya yi Hausa a harabar makaranta, a kira harshen uwarsa "vernacular" kamar wata cuta, kuma har yanzu akwai makarantun da ba su bar wannan ba. Abin da hakan ya haifar shi ne yara masu tsoron buɗe baki, waɗanda suka gwammace su yi shiru da su yi kuskure a yi musu ihu, harshe kuwa ba ya zama a bakin da ba ya motsi. Ku tuna Sibawaihi, limamin nahawun Larabci, Bafarishe ne. An ruwaito cewa lahani ya yi a majalisar malaminsa na hadisi Hammadu ɗan Salama, aka gyara masa, ya tashi ya lazimci Halilu ɗan Ahmad har ya rubuta littafin da Larabawa da kansu ke komawa gare shi. Gyaran da aka yi masa gyara ne mai dalili, a kan abin da yake kuskure tabbas, shi ya sa ya haifi ilmi. Wanda ake yi a yau a dandalin sada zumunta, inda mutum zai kawo magana mai ma'ana a kan halin da ƙasa ke ciki, wani ya tsallake maganar duka ya kama harafi ɗaya ya yi ta yayatawa, wannan neman fifiko ne da sunan ilmi, kuma sau da yawa idan ka bi abin da ya kama sai ka tarar ra'ayin Baker ne ko na Alford.

Daga ƙarshe akwai wani abu da ba zan iya zama ban faɗe shi ba, ko da yake ya ɗan fita daga abin da aka nema. A Ingila wani tsohon ɗan jarida, John Richards, ya kafa ƙungiya a 2001 don kare ɗan wakafin nan na sama da ke raba "its" da "it's", kuma mu ma a nan akwai masu jin zafin wannan kuskure ƙwarai, ni ma ina cikinsu. Amma laifi tudu ne. Waɗannan mutane su ne za su rubuta Hausa su zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ gaba ɗaya, su bar mai karatu ya yi ta lalube tsakanin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da kasa da ƙasa, su haɗe kalmomin da ke rabe su raba na haɗe, idan an yi musu magana su ce ai an gane. Waɗannan haruffa an sha wahala kafin a tsai da su a Zariya a shekarun 1930, zamanin Dokta R. M. East, da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939 a ƙarƙashin Malam Abubakar Imam, a lokacin da sai an zuba kowane harafi da dalma. Yau kuwa suna cikin wayar da ke aljihun kowa, sai dai a shiga wurin saita harshe a zaɓi Hausa. Ina roƙon malaman da ke nan, na Turanci kafin na Hausa, su sa ɗalibansu su yi wannan saiti a makon nan, ina kuma roƙon masu buga jaridu da masu rubuta allunan shaguna da na hukuma su mayar da ƙugiyoyin inda suke.